F90 ta zauna a goshin Thunder

Jama'a Alhamdulillahi, yau dai lambar nan ta zauna a jikin NNS Thunder ɗina na kwali, wato kwaikwayon jirgin ruwan yaƙin Najeriya, F90 fes, fenti bai tsiyaya ko ɗis ba. Wallahi ta ba ni wuya fiye da haɗa gangar jirgin gaba ɗaya.

Daga sitikar lambar rigimar ta faro. Na yi oda ta intanet, da kuɗin kawowa Kaduna ta cinye min dubu 14, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake, tana zuwa na buɗe sai lambobi zalla babu F ko guda, ashe ta jiragen Amurka aka turo min. Su tun 1920 suke da nasu tsarin haruffa na nuna irin jirgi, BB manyan masu igwa, SS mai nutso, in ka ga G a ciki yana harba makami mai linzami, N kuma nukiliya ce ke tuƙa shi, shi ya sa jirgin Nimitz yake CVN-68, jirgin Arleigh Burke kuma DDG-51. Amma a goshin Burke 51 kawai ake rubutawa, haruffan suna takarda. Mu ko salon Ingila muka gada, harafi ɗaya gaban lamba kuma a jiki yake fitowa, Aradu F89, Andoni na sintiri P100.

Thunder ɗin kansa ya ɗanɗani tsarin biyu, abin da ya sa na zaɓe shi kenan. A Amurka sunansa Chase, WHEC-718, W ɗin alamar masu gadin gaɓar teku ce, da aka miƙa wa Najeriya shi a 2011 ya koma F90.

Dole na yanki lambar da reza a salatif na takarda. To goshin a lanƙwashe yake, ina liƙawa gefe ya ɗaga fenti ya kurɗa ta ƙasa, ga ɗan tsakiyar 9 da na 0 da ba su kai ƙwayar gero ba, sai da tsinin allura nake ɗora su, numfashi kaɗan sun tashi. Abin da ya yi aiki shi ne ka fara shafa fenti ruwan toka irin na jikin jirgin a kan salatif ɗin ya toshe kafofin, ya bushe sosai, sannan ka dangwala fentin lambar da soso kusan busasshe, kar ka goga. Ka kife roba a kai saboda ƙurar hunturun nan.

Saura hasumiyar rada. Wanda ya san inda zan samu siririyar waya a Panteka don Allah ya taimaka min da kwatance.