Dutse ne ke riƙe da agogo: darussa daga Hanyar John Muir

Hanyar John Muir tana jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin jerin duwatsun Sierra Nevada. Ta tashi daga kwarin Yosemite ta ƙare a ƙolin dutsen Whitney, tafiyar kilomita kusan 340, kuma ko ka kai ƙolin da sauran kilomita 17 na gangara kafin ka ga titin mota. An fara sare ta a 1915, shekara guda bayan rasuwar mutumin da aka sa mata sunansa, aka gama a 1938. Yawancin masu bin ta mako uku suke yi, kimanin kilomita 16 a rana, da gidansu da abincinsu duka a goye. Don a kwatanta tsayin wurin: Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, alhali kusan dukan hanyar nan tana sama da haka, Whitney kuwa mita 4,421 ne.

Babban abin da na fahimta game da irin wannan tafiya shi ne, ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum ƙarshenta. Masu janyewa a tsakiya sau da yawa majiya ƙarfi ne. Abin da ke kayar da su rashin sanin lokacin da ake yin kowane abu ne, da raina 'yan hidimomin da dole a maimaita su kullum, safe da yamma.

Ranar gobe tun daren yau ake shirya ta, domin inda ka yada zango shi ke yanke maka lokacin da za ka isa mashigin dutse, wato gurbin da hanya ke bi ta haye jerin duwatsu. A rabin hanyar na kudu kusan kowace rana ko kwana biyu akwai mashigi guda da za a haye: Muir, Mather, Pinchot, Glen, sai Forester da ya fi su duka, mita 4,009. Ƙa'idar ita ce ka kwana a gindin mashigi, ka haye shi da hantsi, kafin azahar kana can ƙasa a ɗaya gefen. A watannin Yuli da Agusta gari kan waye tangaran, sai wajen tsakar rana hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu, daga nan sai tsawa. Wanda yake tsaye a mashigi a lokacin, shi ne abu mafi tsayi a wurin. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, ƙasa da daƙiƙa 30 kuwa aradu na iya samunka. A nan ba a tsayawa shawara, gangarawa ake yi, a nisanci tsauni da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Ita ma dusar ƙanƙara da nata lokacin. Da asuba ta daskare kamar gilashi, takalmi ba ya kama ta. Da hantsi samanta ya ɗan saki, taku yana zama daram. Da la'asar ta yi ruɓus, kowane taku ƙafa ta nutse har gwiwa, a ƙarƙashi kuma akwai duwatsu masu kaifi da ramukan da ruwa ya ƙwaƙule. Kilomita ɗaya da za ka yi cikin minti ashirin da safe sai ta cinye maka awa guda, ka fito da ƙwauri duk ƙwarzane.

Wannan ƙanƙarar da ke narkewa da rana ita ce ke cika ƙoramu da yamma, kuma a nan ne hatsarin da mutane suka fi rainawa yake. Ƙoramar da ta tsaya maka a gwiwa da sassafe tana iya kai maka cinya bayan la'asar. A Yulin 2017, shekarar da ƙanƙara ta zuba sosai, matafiya biyu sun rasu a ruwan Sierra Nevada, ɗaya daga cikinsu a reshen kudu na kogin Kings, wanda wannan hanyar ke tsallakawa. Saboda haka idan ka iso ƙoramar Bear Creek ko ta Evolution Creek da yamma ka ga ruwa na kumfa, ka kwana a bakinsa, safiya ta yi. Ba lallai ne inda hanya ta shiga ruwa ya zama mashigi mafi kyau ba. Bi gaɓa sama da ƙasa ka nemi inda ruwan ya yi faɗi ya baje, ka kuma duba abin da ke ƙasa da kai, kada ya zama gangare ne ko gungumen itace a kwance. Kwance maɗaurin ƙugu da na ƙirji don ka iya yar da jaka idan ka faɗi. Fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka dogara da sanduna biyu, ka riƙa matsawa gefe-gefe, abu ɗaya kawai ke motsi a lokaci guda, ko ƙafa ko sanda. Kada ka cire takalmi. Jiƙaƙƙen takalmi zai bushe a ƙafarka, amma tafin ƙafar da dutse ya tsaga ya gama maka tafiya. Ruwa mai gudu da ya wuce cinya kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Batun ƙafa ya cancanci a tsaya a kansa, don ita ce jarin matafiyi. Abu uku ke haɗuwa su kawo bororo: guga, danshi da zafi. Kafin ya fito sai ka ji wuri ɗaya yana ɗan raɗaɗi, galibi a dunduniya ko gefen ƙaramin yatsa. Nan take ake zama a cire takalmi, a goge wurin ya bushe, a manna filasta mai ƙarfi, a zagaye kusurwoyinta da almakashi don kada safa ta naɗe ta. Mai cewa bari mu kai wancan tafkin tukuna, shi ke ɗingishi kwana biyar. Takalmi ya fi girman wanda ka saba sawa da rabin lamba ko lamba ɗaya, domin ƙafa tana kumbura bayan 'yan kwanaki, a gangara kuma yatsu na dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi ya fita. Safa ƙafa uku ta ulu ta isa: ɗaya a ƙafa, ɗaya wankakkiya tana bushewa a bayan jaka, ɗaya ta barci da ba ta taɓa shiga takalmi. Duk hutun rana a cire takalmi da safa, a kakkaɓe yashi, ƙafa ta sha iska minti goma sha biyar.

Auduga, da muka fi so a ƙasa mai zafi, a can abokiyar gaba ce. Tana shan gumi ta riƙe, idan ka tsaya a mashigi iska ta buge ka sai ta zuƙe ɗumin jikinka. Duk hawan mita 1,000 zafin iska na raguwa da kusan digiri 6, kuma ko a tsakiyar bazara dare kan kai ruwa ya daskare a zangon da ke sama. Ka tashi da safe kana ɗan jin sanyi, tafiya za ta ɗumama ka. Da ka tsaya ka sa rigar ɗumi kafin sanyin ya shige ka. Rana kuma a can sama tana ƙuna fiye da yadda sanyin iska ke sa ka zata, leɓe ya tsage, ido ya yi ja, don haka malafa da baƙin tabarau da man leɓe a aljihu suke zama.

Lissafin tafiya mai sauƙi ne. Da jaka a baya ka ƙaddara kilomita 3 a awa, ka ƙara awa guda kan kowane hawan mita 400. Nauyin jaka da abinci da ruwa kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka, in ya yi tsanani ɗaya cikin huɗu, kuma ƙugu ne ke ɗaukar mafi yawansa, kafaɗa daidaitawa kawai take yi. Kaya masu nauyi a tsakiya, jikin gadon baya. Kwanakin farko a tafi a hankali, domin daga mita 2,500 ciwon tsauni na iya kama kowa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin ci, rashin barci. Mai waɗannan alamu kada ya ƙara hawa sai sun lafa. Idan ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice, ko yana haki alhali yana zaune, a gangara da shi a lokacin ko da dare ne, ba a jiran safiya.

Ruwa a wannan hanya ba ya wuya, shi ya sa kuskure ne a goya lita uku alhali kowace lita kilo ɗaya ce. Lita ɗaya a hannu ta isa, a duba taswira a san ƙorama ta gaba, a sha lita uku zuwa huɗu a wuni tare da abinci mai gishiri, don yawan shan ruwa ba gishiri shi ma yana jefa mutum cikin jiri da ruɗewa. Ruwan garau yake kamar hawaye, amma ƙwayar giyardiya ido ba ya ganinta, kuma zawon da take kawowa sai bayan mako ɗaya ko biyu yake bayyana, daidai lokacin da ka yi nisa da kowa. Ana tacewa da ƙaramar matata, ko a tafasa minti uku tun da wurin ya haura mita 2,000. Matatar tana da rauni guda: idan ruwan cikinta ya daskare, siraran bututun da ke ciki suna fashewa ba tare da ka gani ba, ta ci gaba da zubo ruwa kamar lafiya lau. Don haka a cikin jakar barci take kwana, tare da batir da waya. Wanke hannu bayan bayan gida da kafin cin abinci ya hana cuta da yawa da ake ɗora wa ruwa laifinta.

Guzuri shi ne inda lissafi ya fi tsauri. Jiki na ƙone fiye da abin da mutum zai iya goyawa. Giram 700 zuwa 900 na busasshen abinci a rana shi ne abin da aka saba, kuma duk da haka sai an rame. Maiƙo yana ba da kalori 9 a giram ɗaya, sitaci da sukari 4, shi ya sa gyaɗa, tunkuza, man zaitun, cuku da busasshen nama suka fi gwangwanin abinci mai ruwa daraja. A guji abin da ke son doguwar dahuwa, domin a mita 3,000 ruwa yana tafasa a wajen digiri 90, shinkafa da wake sai su cinye gas ba su nuna ba. Kuskus da taliya siririya da garin dankali, zuba ruwan zafi kawai suke so. Da rana ba a jiran yunwa, kowace awa a jefa wani abu a baki.

Duk abincin nan, har da man goge baki, sabulu, man shafawa da shara, dole ya shiga gwangwanin beyar, wani mazubi mai kauri da beyar, babbar dabbar dawa mai satar abincin matafiya, ba ta iya buɗewa, wanda doka ta wajabta a Yosemite da wasu sassa da yawa na hanyar. Babba yana cin kusan lita 11, shi kansa ya fi kilo ɗaya, kuma abincin mako guda yake ɗauka idan an juye komai daga kwali zuwa leda an matse iska. Da dare a rufe shi tam, a ajiye nesa da tanti a wuri shimfiɗaɗɗe, ban da bakin ruwa ko gangare inda za a mirgina shi, kada kuma a ɗaura masa igiya, mariƙi ka ba beyar. Ina ganin wannan doka ta fi kare dabbar fiye da mutum, domin beyar da ta ɗanɗani abincin mutane takan koma bin zango har a ƙarshe a kashe ta. A arewacin hanya ana ƙara guzuri a Tuolumne Meadows da Reds Meadow da Vermilion Valley Resort. Muir Trail Ranch, inda mutane ke aika bokitin abinci ta gidan waya makonni kafin su iso, shi ne na ƙarshe a kusa da hanya. Daga nan sama da kilomita 170 ne babu shago, sai dai a ratse ta mashigin Kearsarge. A nan ne masu ƙirga abinci da ido suke fara raba cin rana ɗaya gida biyu.

Zango a neme shi tun rana da sauran awa biyu. A zaɓi inda wasu suka riga suka kwana ko kan tsakuwa, ban da kan ciyawa, don tsiron can sama yana ɗaukar shekaru kafin ya farfaɗo. Bakin tafki yana da kyan gani, sai dai sanyi da raɓa a kwari suke taruwa, ga sauro a watan Yuli. Ɗan tudu cikin bishiyoyi ya fi ɗumi, tanti ma ya fi wayewa a bushe. A sama da mita 3,000 galibi an hana hura wuta. Bayan gida a haƙa rami zurfin santimita 15 zuwa 20, taku saba'in daga ruwa da hanya, takarda kuma a ƙulle a leda a fita da ita. A yankin Whitney ƙasa ba ta ruɓar da komai, jaka ta musamman ake amfani da ita a sauko da ita. Wanki, wanka da alwala, a ɗebi ruwa a matsa nesa, sabulu bai kamata ya taɓa ƙorama ba.

Kafin barci akwai aikin minti ashirin da ba a tsallakewa: wanke ƙafa a duba ta, tace ruwan safe, ware abincin gobe a saman gwangwani, sa busassun kayan barci, buɗe taswira a ga mashigi nawa da ƙorama nawa ke gaba da lokacin da ya kamata a kai kowanne. A daren ƙarshe, a tafkin Guitar da ke gindin Whitney, lissafin kan nuna a tashi ƙarfe biyu ko uku na dare, sai a kwanta da fitilar goshi a cikin takalmi, da sabon batir a ciki.