Rabin ayar da na karanta masa

Shekara 11 ina koyarwa a wata kwaleji a Damagaram, kuma na daɗe ina raba yara gida biyu: masu karatu da ƴan iska. Ƴan iskan su ne masu kwana a fada, wato majalisar samari ta bakin titi, masu haɗiyar tramol da shayi, masu tsere da moto ba hular kwano. Maganinsu a wurina bulala da kiran uba.

Wani ɗan ajin brebe, wato jarrabawar kammala kwaleji, ya shigo da hannu a naɗe, karo na biyu ke nan yana faɗuwa da moto cikin wata guda. Da aka tashi na tsare shi: "Kai, so kake ka kashe kanka?" Faɗa nake yi, ba na jiran amsa. Ya ce, "Malam, in na mutu ai kowa ya huta." Sai na buɗe masa wa'azi, na jawo ayar Suratun Nisa'i da ta hana kashe kai, na ambaci wuta. Rabin ayar na karanta. Ƙarshenta, inda Allah ya ce shi mai jin ƙai ne gare mu, na bar shi. Ya ce "To," ya tafi. Mako biyu ban gan shi ba.

Wata ma'aikaciyar asibiti, ƙawar maiɗakina, ita ta buɗe mini ido. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa sama da mutum 700,000 da ke kashe kansu duk shekara, kuma abin na cikin manyan sanadin mutuwar masu shekara 15 zuwa 29. Mu nan sai mu ce aljanu ne, ko sammu, ko yaro ya lalace. Ta ce tambayar yaro kai tsaye ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

Na same shi wajen masu sayar da fetur a kwalba. Na zauna a benci na tambaye shi, na kama bakina, abin da ke yi wa malami wuya. Ashe mahaifinsa ya rasu bara, kuma a gidan da ake riƙonsa kullum ana yi masa gorin tuwo. Da yardarsa na je wurin mahaifiyarsa, muka kai shi ga likita.

Bai ci brebe ba a shekarar. Yanzu yana koyon walda, kuma ranar Alhamis yakan biyo ta gida mu sha shayi.