Me ke sa a kira mutum ɗan furi, kuma ina rigar gashin take shigowa?

Wanda ya ci karo da bidiyon mutane sanye da kan kare ko na yanyawa suna rawa a wani babban otal na Amurka zai ɗauka rigar ce ke yin ɗan furi. Mafi yawan 'yan furi ma ba su da ita, don cikakkiya takan ci dubban dalolin Amurka. Furi sha'awa ce ta dabbobin da aka ba halin ɗan Adam: suna magana, suna tafiya da ƙafa biyu, suna sa tufafi. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kura da dila malamin daji bai buƙatar dogon bayani. Bambancin kawai, ɗan furi yakan ƙirƙiri tasa dabbar, ya shiga da ita cikin masu irin sha'awarsa.

Abin ya tsiro ne a tarukan masoya ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka cikin shekarun 1980. A 1989 aka yi taron 'yan furi mai suna ConFurence a Kalifoniya, Eurofurence ya fara a Jamus a 1995, Anthrocon kuma a 1997, ya koma birnin Pitsbag a 2006. Shi furi kansa babu shugaba, babu katin zama mamba, babu rantsuwa. Wanda ya ce shi ɗan furi ne, yana kuma mu'amala da sauran, to shi ne. A nan Damagaram tambayar farko da za a yi ita ce ko rikiɗa ce ko bori. Ko ɗaya babu. Ɗan furi ya san shi mutum ne, kamar yadda yaron da ya yi shigar tashe da azumi bai manta sunansa ba. Masu jin cewa a ransu dabba ne su wani rukuni ne daban, da nasu sunan.

Zuciyar lamarin ita ce fursona, dabbar da mutum ya zaɓa ta wakilce shi. A zaɓi jinsi, a raɗa suna, a tsayar da launi biyu ko uku, a ƙara wata alama guda, kamar tabo a ido ko zobe a wutsiya. Kyarkeci da yanyawa da kare sun cika wurin, don haka mai barewa ko jimina ko bushiya ya fi saurin fita daban. Daga nan sai takardar siffa: zanen gaba, zanen baya, fuska a kusa, da ɗigon kowane launi a gefe. Ita ake miƙa wa duk mai zanen da za a ba aiki. Ɗaukar fursonar wani ko goge sunan mai zane daga hoto babban abin kunya ne a cikinsu. Ana haɗuwa a shafin intanet na FurAffinity, wanda aka buɗe a 2005, da Telegram da Discord, kuma akwai ɓangarorin manya da ba na yara ba ne, iyaye su sa ido.

Mai son ɗinka rigar ya fara da kai, hannaye da wutsiya, ya sa su da kayansa na kullum. Kan shi ne aikin. A sami soson katifa mai kaurin santimita biyu da rabi, a naɗe shi daidai zagayen kai, a manne, a rufe sama, a huda wurin idanu da baki. Hanci da kumatu da gira ana sassaƙa su daga soso mai kaurin santimita biyar. Sai a lulluɓe kan da leda, a bi da salatif ko'ina, a zana layukan ɗinki a kai, kowane yanki a sa masa kibiya mai nuna inda gashi zai kwanta, daga hanci zuwa ƙeya. A yanke yankunan, a shimfiɗa su a bayan yadin gashi.

Nan ake yawan ɓata yadi. Tunda a baya ake zanawa, dole a kifar da kowane yanki, in ba haka ba kuncin dama ya fito na hagu. A bar santimita ɗaya na ɗinki. Kada a sa almakashi, yana datse gashin ya bar sanƙo a bakin ɗinki. Reza ake ja a hankali ta baya, ta yanke ƙyallen kaɗai. Bayan an ɗinke an manna, a rage gashin fuska da injin aski kaɗan-kaɗan, don abin da aka aske ba ya tsirowa. Idanu raga ce mai ƙananan huji da aka yi wa fenti, fenti in ya yi kauri ya toshe gani. Gam na bindiga yana saki in kan ya wuni a mota ko a ɗakin kwano. Gam ɗin masu gyaran takalmi ya fi riƙewa, amma sai an bar shi kwanaki ya sha iska kafin a kusantar da shi ga hanci.

Zafi kuwa ba abin wasa ba ne. A Afrilu da Mayu Zinder na wuce digiri 40, kuma soso da gashin roba ba sa barin gumi ya bushe. Ko a ƙasashen sanyi, tarukan na ware ɗaki mai fankoki inda ake cire kai a huta. A nan a jira Disamba ko Janairu, a sa ƙaramar fanka mai batir cikin hancin, kada a wuce minti goma sha biyar ba a cire an sha ruwa ba. Jiri ko tashin zuciya ko ciwon kai, a cire nan take. A samu ɗan rakiya, don mai sanye ba ya ganin ƙasa ko gefe, yara kuma sai sun ja wutsiya. Rufe fuska a bi titin Birni ko kasuwar Dole a halin tsaron yanzu neman magana ne, a tsaya a tsakar gida.

Bayan an cire, a fesa alkol na kanti gauraye da ruwa a ciki, a ajiye gaban fanka a inuwa, a taje gashin ya bi kwanciyarsa. Ruwan zafi da dutsen guga suna ƙanƙance shi har abada. Ƙurar hunturu kuma, a adana kan cikin jakar yadi, ba leda ba, don leda na riƙe danshi ya yi fumfuna.