Kakanmu Balarabe da Gwajin DNA

Tun ina yaro nake jin cewa asalin gidanmu Larabawa ne. Labarin da ake ba mu shi ne kakan kakanmu ya biyo ayarin fatake daga Ghadamus, ya sauka a Kano da alharini da takarda da turare, ya auri 'yar gari, bai sake komawa ba. Babu wani rubutu da ya rage a hannunmu game da shi, sai hasken fatar wasu gwaggonninmu da dogon hancin baffanmu, waɗanda ake kafa hujja da su duk lokacin da zancen ya taso a gidan biki ko wajen zaman makoki. Labarin ba na ƙanzon kurege ba ne, domin tarihi ya tabbatar da zaman fataken Ghadamus da Tarabulus a Kano, kuma unguwar Dandalin Turawa daga gare su ta samo sunanta, tun zamanin da Bahaushe ke kiran Balarabe Bature. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne ko namu kakan yana cikinsu da gaske, ko kuwa wani ne a baya ya jingina gidanmu da su saboda martabar da hakan ke jawowa.

Wannan ne ya sa bara na sayi gwajin tsatson uba daga wani kamfani a Amurka. Sun aiko da ɗan tsinke mai auduga a kai, na goga a cikin kumatuna, na mayar musu, bayan wasu makonni sakamakon ya bayyana a shafinsu na intanet.

Dalilin da ya sa irin wannan gwaji ke iya bin sawun uba yana da sauƙin fahimta. Kowane ɗan Adam yana da kuromosom 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, wato zaruruwan DNA masu ɗauke da halittar da ya gada, an jera su biyu-biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba. Mafi yawansu suna cakuɗewa a kowane zamani, yadda bayan 'yan ƙarnoni ba a iya cewa wannan daga wane ne. Kuromosom Y ne kaɗai ya fita daban: namiji kawai ke da shi, kuma yakan miƙa shi ga ɗansa kusan yadda ya karɓe shi daga mahaifinsa. Lokaci-lokaci akan sami ɗan canji wajen kwafarsa, sai canjin ya zama tambari a kan duk mazan da suka fito daga wannan mutum har abada. Da waɗannan tambura masana suka zana bishiyar mazan duniya, suka ba manyan rassanta haruffa da lambobi. Mace ba ta da wannan kuromosom, don haka idan tana son sanin tsatson mahaifinta sai ta nemi ɗan'uwanta da suke uba ɗaya, ko baffanta, ko ɗan baffanta. Kawu ba zai yi ba, komai kusancinsa, domin shi tsatson gidan uwa yake ɗauke da shi.

Na sa ran ganin reshen J1, wanda ya fi yawa a tsibirin Larabawa, ko kuma E-M81 da ya mamaye Afirka ta Arewa. Abin da na gani shi ne R-V88.

Da na fara karatu a kansa, sai na tarar reshe ne na R1b, wanda wani reshensa ya fi kowane yawa a tsakanin mazan Yammacin Turai. Ƙanena da na nuna wa ya yi dariya ya ce ashe dai mu Turawa ne, ko ta tsohuwar ma'anar ko ta sabuwa. Amma zancen ba haka yake ba, domin V88 ya rabu da 'yan'uwansa na Turai tun dubban shekaru kafin a gina Kano ko Landan. A 2010 masani ɗan Italiya Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa wannan reshe ya fi taruwa a kewayen Tafkin Chadi, musamman a tsakanin masu magana da harsunan da ake kira dangin Chadi, waɗanda Hausa ce mafi girma a cikinsu. A wasu ƙananan al'ummomin duwatsun Mandara da ke arewacin Kamaru, kusan duk mazan da aka gwada suna ɗauke da shi. Masu binciken sun danganta shigowarsa yankin da zamanin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna, sama da shekaru 5,000 da suka wuce, lokacin da makiyaya ke ratsa ta da shanunsu. Ke nan takardar da na biya kuɗi a kanta ta gaya mini cewa tsatsona irin wanda ake yawan samu ne a tsakanin Hausawa da maƙwabtansu.

Da farko na ɗauka magana ta ƙare, an ƙaryata labarin gidanmu. Sai da na natsu na gane na yi gaggawa. Ana samun R-V88 a Afirka ta Arewa ma, ko da yake ba da yawa ba, kuma an same shi sosai a tsakanin mutanen Siwa da ke hamadar yammacin Masar. Bafatake daga Ghadamus zai iya ɗauke da shi, musamman a gari irin wannan da ya shafe ƙarnoni yana cuɗanya da ƙasar Hausa da Barno ta hanyar ciniki da aure da bauta. Kuma shi kansa sunan Balarabe a bakin kakanninmu harshe da sutura da garin da mutum ya fito yake nufi, babu ruwansa da kuromosom. Gwajin ya ba ni amsar tambayar da ta shafi shekaru dubbai, alhali tambayar da na je da ita ba ta wuce ta shekaru 150 ba.

Akwai wani lissafi da ya ƙara sanyaya mini gwiwa game da girman abin da na gano. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, haka adadin ke ninkawa har ya kai gurbi 1,024 a hawa na goma. Kuromosom Y mutum ɗaya tak yake nunawa a cikin waɗannan, wato uban uban uba har zuwa sama. Hasken fatar gwaggonninmu yana iya fitowa daga kowane ɗaya cikin sauran, wataƙila ma daga wata kaka Bafulatana ko Buzuwa da ba a riƙe sunanta ba, tunda salsalarmu ta maza ce, ba a cika lissafa mata a cikinta ba.

Kuskuren da na yi, wanda nake ganin ya fi na zaton J1 girma, shi ne ban shawarci kowa ba kafin na aika. Kuromosom ɗin da ke jikina irinsa ne a jikin mahaifina da baffannina da 'ya'yansu maza, saboda haka asirin gida guda na miƙa wa kamfani, ba nawa ni kaɗai ba. Wanda ya ji yadda a 2023 masu kutse suka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 7 daga kamfanin gwajin DNA na 23andMe ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sannan irin wannan gwaji yana iya tono abin da ba a je nema ba, kamar a gwada 'ya'yan wa da ƙane a tarar rassansu sun bambanta. Shari'ar Musulunci ta riga ta rufe wannan ƙofa da ƙa'idar cewa ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta yanke cewa ba a amfani da gwajin DNA wajen kore nasabar da ta tabbata ta hanyar shari'a. Ni dai ba zan tura wani ɗan gidanmu ya yi gwajin don a kwatanta da nawa ba, sai idan manya sun zauna sun yarda.

Da wannan nauyin na je wurin baffanmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Na yi masa bayani gwargwadon iyawata, ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni: "To kai yanzu, takardar ta faɗi sunan mutumin?" Na ce, "A'a, Baffa, ba ta faɗin suna." Sai ya jero mini sunayen maza uku, daga mahaifinsa zuwa baƙon da ya sauka a Kano, ya ce in rubuta, domin ban da shi babu wanda ya rage da ya haddace su.

A cikin hirar ne ya ambaci abin da ban taɓa ji ba. Ya ce baƙon yana da ƙane da ya tsaya a Damagaram bai ƙaraso Kano ba, kuma har zamanin mahaifinsa ana zumunci da zuriyarsa, ana aiko musu da dabino ana mayar da goro. A nan ne gwajin zai iya yin aikin da ya dace da shi, domin idan aka sami namiji daga wancan gidan da ya yarda, kuma tamburansa suka zo kusa da nawa, an tabbatar da cewa gidajen biyu uba ɗaya suka haɗa a 'yan ƙarnonin nan, ko da ba a san garin da ya fito ba. Baffa ya ce a bar maganar tsinken auduga tukuna, a fara neman mutanen a gaisa. Ya ba ni sunan unguwarsu a cikin birnin Damagaram da laƙabin gidan, kuma na yi niyyar zuwa bayan ƙaramar salla.