Kwana shida a kwazazzaban Amurka

Yau kwana biyar da dawowata Zariya, amma da na rufe ido jan dutse nake gani. Da taron da ya kai ni Amurka ya ƙare, na sauka wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata da ke aiki a Finiks ta jihar Arizona. Ya ce, "Ɗana, gine-gine ka gan su. Gobe zan kai ka ka ga aikin Allah." Matarsa ta cika mana roba da dambun nama, muka loda jarkokin ruwa, muka kama hanya bayan asuba.

Tafiyar awa huɗu ce zuwa Grand Canyon. Babu abin da ke shirya mutum a hanya: bishiyoyi ne, fili ne, sai wurin ajiye motoci. Ka taka ƴan taku, kawai ƙasa ta ƙare a gabanka. Na dafa ƙarfen da aka tokare bakin wurin da shi, bakina ba ya cewa komai sai subhanallah. Tsawon kwazazzabon kilomita 446, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma kogin Kolorado da ya ƙwaƙule shi, daga sama kamar zaren da ya faɗo daga allura. Ni da na tashi ina ganin Kufena a matsayin dutse, sai na rasa abin da zan auna wannan da shi.

Washegari muka sauka ta hanyar da suke kira Bright Angel. A Kufena hawa kake fara yi da ƙarfinka, ka sauko a gajiye. A nan gangara ce farko, ƙafa na gudu da kanta, sai ka yi nisa kafin ka tuna duk abin da ka sauka bashi ne. Sun kafa alluna suna gargaɗin cewa hawa yana cin ninkin lokacin sauka, kuma kada kowa ya ce zai je kogi ya dawo a rana ɗaya. Kuma kana sauka zafi na ƙaruwa: da rigar sanyi muka taso, kafin mu isa rumfar hutu ta farko, wajen kilomita biyu da rabi, gumi ya jiƙa ni. A wani lungu muka yi kiciɓis da ayarin alfadarai, muka manne da bango suka wuce, don doka ta ba su hanya. Numfashin ɗaya har a kumatuna. A rumfar wani kurege ya hau jakata yana shinshina dambu, na miƙa hannu zan ba shi, Kawu ya riƙe ni. Haramun ne a dokarsu, kuma suna cizo.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne tsabta. Tun 1919 wurin yake gandun ƙasa, miliyoyin mutane na zuwa duk shekara, amma ban ga leda ko ɗaya a hanyar ba. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta tsinci murfin gora da ba nata ba ta sa a aljihu. Sai na tuna hawana Kufena na ƙarshe, ledojin ruwa a kowane tsagi, sunaye an rubuta da fenti a jikin dutsen da kakanninmu suka zauna a gindinsa, ga ganuwa tana zaizayewa. Raina ya ɓaci sosai. Kuɗi suna karɓa, gaskiya ne, Kawu da katin shekara na dala 80 ya shigar da mu, amma kana ganin inda kuɗin ya tafi: makewayi, motocin ɗaukar baƙi, ma'aikacin da zai tsaya ya yi maka bayani.

Tsada kuwa sai wanda ya gani. Gorar ruwa dala uku, na juya ta zuwa naira na mayar da ita cikin firij. Kwazazzabon Antelope mun haƙura da shi, sama da dala 50 kowane mutum, kuma sai da ɗan jagora daga ƙabilar Nabaho tunda ƙasarsu ce. A wani masauki na bakin hanya na yi wa mai karɓar baƙi sallama, ko ɗaga kai bai yi ba, ya turo makulli yana danna waya. Ko mai shayin Tudun Wada ba zai yi wa baƙo haka ba.

Amma a ƙasar Nabaho ɗin na ga mutunci. Wata tsohuwa ce a rumfar katako tana sayar da sarƙoƙin duwatsu. Ta ce dala 40, na taya 25. Kawu ya taɓa ni, "A nan ba a ciniki." Tsohuwar ta yi dariya, muka daidaita a 30. Da ta ga muna neman inda za mu yi azahar, ta janye kujerunta ta share mana bayan rumfa, ta tsaya nesa har muka idar. Alƙibla a can arewa maso gabas take, abin ya yi min banbarakwai. Sannan ta ba mu wata soyayyar fulawa mai faɗin faranti, kamar fanke da aka baje, ta ƙi karɓar ko sisi. Ita ce ma ta gyara mana agogo: a wannan lokaci na shekara ƙasarsu tana gaban sauran Arizona da awa ɗaya.

A gandun ƙasa na Zion da ke jihar Yuta cikin kogi muka yi tafiya, ruwa har gwiwa, bango ta dama bango ta hagu, sama ta zama ƴar siririya. Sai an duba ko za a yi ruwan sama kafin a shiga, saboda ambaliya. A gandun Bryce kuma, shi ma a Yuta, sanyi ya kore mu, ya fi hunturun Samaru nesa ba kusa ba. Duwatsun a tsaitsaye kamar jama'a a filin idi. Awa biyu muka yi muka juyo.

Sarƙar tana hannun Hajiya. Ta juya ta, ta tambaye ni ko tsohuwar tana da jikoki. Na ce uku na gani suna wasa a bayan rumfar.