Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Awa Huɗu A Zaure, Makonni Ana Jiran Sakamako

Makon jiya na tsaya a inda Hajiya, surukata, ta iso Legas daga Aliero, a kan za ta ga jikokinta kuma likita ya duba mata gwiwa. Zuwan nata ya faɗo daidai lokacin da nake shirin rubuta matakin ƙarshe na jarrabawar ICAN, a watan Nuwamban 2018.

Ga wanda bai sani ba, ICAN ita ce cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya. Doka ce ta kafa ta a 1965, hedikwatarta kuma tana titin Idowu Taylor a Victoria Island. Digirin da na yi a Zariya ya sa an yafe mini matakin farko, na biyun kuwa na sha fama kafin na tsallake shi. Saura na uku, mai takardu biyar: rahoton kuɗin kamfanoni, haraji mai zurfi, dabarun sarrafa kuɗi, binciken asusu wato odit, sai wadda ɗalibai ke kira kes, wato nazarin matsalar wani kamfani. Kowace sai ka ci maki 50 cikin 100. Wanda ya sami 49 da wanda ya sami 12 duk layi ɗaya za su sake bi su biya kuɗin rajista.

A Ketu muke zaune, saboda kusa da kasuwar Mile 12 inda maigida ke sayar da albasa. Ni kuma ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Ikeja. Aikin akanta ba ya jiran mai jarrabawa. Harajin albashin ma'aikata dole ya shiga kafin 10 ga wata, harajin VAT kafin 21, ga rufe littafi duk ƙarshen wata. Asabar da Lahadi kuma ina ajin lakca a Yaba tun safe har yamma. A cikin BRT, manyan motocin bas na Legas, kan titin Ikorodu, na haddace rabin abin da na sani na odit, ina tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe ɗaya riƙe da 'yan takardu.

Shekarar ma ta zo da nata ƙarin nauyin. Daga 1 ga Janairun 2018 sababbin ƙa'idoji biyu na rubuta rahoton kuɗi na duniya suka fara aiki, IFRS 15 kan yadda ake rubuta kuɗin shiga, da IFRS 9 kan basussuka da hannayen jari, ga IFRS 16 na haya yana tafe a 2019. Abin da muka sha wahalar haddacewa a jami'a an ce mu ajiye shi gefe, amma kada mu manta da shi gaba ɗaya. Malaminmu yakan ce mu yi haƙuri, ai Akintola Williams, shugaban cibiyar na farko, tun 1949 ya ci tasa a Ingila ba tare da kalkuleta irin tamu ba. Ni dai wannan magana ba ta taɓa rage mini ko shafi ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne gajiyar kai ba ta da shaida. Maigida kan fita tun kafin asuba idan motocin albasa sun iso daga arewa. In ya dawo, ƙura har gira, rigarsa ta jiƙe, muryarsa ta dushe da ciniki. Kowa ya gan shi ya san ya gaji, a ɗora masa ruwan wanka, a hana yara hayaniya. Ni kuwa sai in wuni a kujera da biro a hannu, in tashi jiri na ɗibana, amma ba abin da zan nuna wa mutum.

Wata Juma'a na ɗauki hutu daga ofis don in yi bita. Da la'asar na fito tsakar gida na ce, "Wash, na gaji." Hajiya ta dube ni daga kan tabarmarta.

"Ɗiyata, wai mi kinka yi? Zaune nike ganin ki tun hantsi."

Ba da mugunta ta faɗa ba, Allah ya sani. Matar da ta yi shekaru tana daka da surfe da ɗebo ruwa, ina za ta ɗauki zama a matsayin aiki? Na ce, "Hajiya, lissafi ne." Ta ce to Allah shi yi albarka, amma in tashi in motsa jiki, zama ne ke kawo kasala.

Lissafin da na wuni a kansa ranar, na haɗa asusun rukunin kamfanoni ne, daga cikin tsofaffin tambayoyin da ake bugawa a Pathfinder, littafin tambayoyi da amsoshi na cibiyar. Uwar kamfani ta sayi kaso mai yawa na wani, shi kuma yana da kaso a wani na uku, ɗaya ya sayar wa ɗaya kaya da riba, kayan ba su gama ƙarewa a sito ba, sai ka cire ribar da ba ta tabbata ba, ka ware rabon ƙananan masu hannun jari, ka auna darajar sunan kamfanin da aka saya. In ka gama duk wannan, ɓangarorin biyu su ƙi daidaita. Bambancin ba wani mai yawa ba, amma yana nan, yana kallon ka. Sai ka koma tun daga layin farko.

Daga nan abubuwa suka fara zame mini. Na zuba gishiri sau biyu a miyar kuka. Na sa wayata a firji. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne salla: in tayar da kabbara, kafin in kai raka'a ta biyu zuciyata ta tafi lissafin ragin haraji kan injina, in rasa uku na yi ko huɗu. Ƙabli da ba'adi suka zame mini abin kullum. Da dare in sha shayi mai kauri da Nescafe, idona biyu amma kaina a rufe, in karanta sakin layi ɗaya har in gaji ban san me ya ce ba. Maigida ya taɓa farkawa ya same ni haka, ya zare littafin daga hannuna ya ce, "Akanta, wannan ba karatu ba ne, gadi kike yi." Gaskiyarsa.

Jarrabawar kwana uku ce a jere, Talata zuwa Alhamis. Takarda ɗaya da ƙarfe tara na safe, wata da ƙarfe biyu na rana, kowace awa uku da kwata har da mintunan karanta tambaya. Don tsoron gosulo, da na idar da sallar asuba nake fita. Tsakanin takardar safe da ta yamma babu wani hutu na kirki. Ka nemi ruwan alwala, ka nemi inda za ka shimfiɗa ɗankwali ka yi azahar, ka tura burodi da ruwan leda, mutane kuma na kewaye da kai suna ta "lamba uku me ka samu?" Ni da wata ƙawata 'yar Ilori, wadda ta tashi a Sabon Garin Kano kuma Hausa a bakinta kamar jakin Kano, muka yi yarjejeniya: duk wadda ta tayar da zancen takardar da aka gama, ita za ta biya kuɗin mota. La'asar kuwa a zaure take riskar mu, sai an fito ake yin ta.

Ranakun farko biyu na yi abin da zan iya. Hannuna ya yi tsami, ɗan yatsana na tsakiya ya yi kanta, amma kaina na tare da ni.

Alhamis ce ranar kes, awa huɗu cur. Ba tambayoyi ake jera maka ka zaɓa ba. Tarin takardu ake ba ka na wani kamfani na ƙirƙira: wasiƙu, asusun shekaru, bayanan kasuwa, saƙon shugabanka yana cewa ka rubuta rahoto. Kai za ka tsamo abin da ke da amfani daga abin da aka cusa don ya ɓatar da kai, ka yi lissafinka a rataye, ka gano inda ake neman karkata gaskiya, ka ba da shawara, sannan ka taƙaita komai a shafin farko yadda mai kamfani zai karanta ya gane. Takarda ce da ke son nutsattsen kai, kuma ita ce ke zuwa bayan an riga an tatse ka.

Awa biyun farko lafiya lau. Na gama lissafi, na tsara kanun rahoto. Wajen shiga awa ta uku sai abin ya zo. Ba ciwon kai ba ne, ba barci ba ne. Ina ganin kalmomin, ina iya furta su, amma sun daina haɗuwa su ba da ma'ana. Na dubi wani adadi da ni na fitar da shi da hannuna mintuna kaɗan baya, na rasa daga ina ya fito. Fankar sama tana juyawa, wani a bayana yana ta buga kalkuleta da ƙarfi, wata a gabana ta ɗaga hannu a ƙara mata takardar amsa, ni ko rabin tawa ban ci ba. Na ajiye biro na karanta "La ilaha illa anta subhanaka" ban san adadi ba. Na roƙi izinin zagayawa, wata mai sa ido ta raka ni, na watsa ruwa a fuska. Da na dawo kan ya ɗan buɗe, amma lokaci ya tafi. Shawarwarin da na rubuta a gurguje ne, taƙaitawar kuma ina tsakiyar jimla aka ce a ajiye biro.

Na ɗauka in an gama zan yi barcin kwana biyu. Ina! Kaina ya zama kamar injin niƙa da aka bari a kunne babu hatsi a ciki, sai ƙara da zafi. Cikin dare in farka ina ba kaina maki: nan bakwai, nan wataƙila biyar, in tara, ya ba ni 52, in juya ɗaya gefen in sake tarawa, ya ba ni 44. Haka na yi wa takardu biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda na fito ina murmushi.

Zauren WhatsApp na ajinmu ya ƙara wa wutar fetur. Kullum da wanda "ya ji daga majiya" cewa gobe ne. Wani ya turo hoton sakamakon bara ya ce ya fito, mutum ɗari su ruga shafin cibiyar, a dawo ana zaginsa. Na kashe sautin zauren, amma duk bayan 'yan mintuna ina leƙawa. A ofis ga ƙidayar kayan sito ta ƙarshen shekara, manajana kuma duk safiya sai ya ce, "Hajiya, yaushe za mu sha shagali?" A gida 'yan uwa na waya daga Zariya, "An zama cikakkiyar akantar ne?" Mutane suna tambaya ne don ƙauna, na sani, amma da za su san yadda cikin mutum ke juyawa da sun tambayi lafiyar yara kawai.

Kuɗin ma yana cikin abin da ke hana ni barci. Rajista, lakca, littattafai, motar Yaba, duk daga cinikin albasa da ɗan albashina suka fito, a shekarar da muka ɗage sayen fili a gida. Maigida bai taɓa yi mini gori ba. Shirun nasa ya fi gori nauyi a wurina.

Hajiya, wadda sati biyunta suka zama wata biyu saboda gwiwar, ita ta fara lura na rame. Wata rana ta ga na tasa tuwo a gaba ina juya cokali, ta ce da maigida, "Kai, yarinyar ga ba ta da lahiya. Abin ga na cin ta." Daga ranar ta karɓe wankan yara da safe, ta hana su buga mini ƙofa in na kwanta. Ta sa aka yi waya gida a ba almajirai sadaka. Ba ta taɓa gane mene ne kes ba, har ta koma tana ce masa "shari'ar nan taki", amma ta daina cewa zama ke kawo kasala.

Bayan an shiga sabuwar shekara, wata ranar aiki da yamma ina cikin danfo wajen Ojota, wayata ta hau ruri. Ƙawata 'yar Ilori ce. "Ke, ya fito, wallahi wannan karon da gaske ne." Ban buɗe a mota ba. Na isa gida, na yi magariba, na rubuta lambata a takarda na miƙa wa maigida da wayar, na koma bakin gado na zauna. Intanet ɗin ya yi ta juyawa. Can ya ce, "Akanta, huɗu sun yi." Ya yi shiru. "Ɗayar fa?" Ya ce, "46."

Na yi kuka, amma ba mai yawa ba, don tun ranar Alhamis ɗin nan na san da ita. Daren na yi barcin da rabona da shi tun Oktoba, har Hajiya ta leƙo ta ga ko lafiya. Da safe ta ce, "Huɗu cikin biyar, kuma kina kuka? Wanda ya kai buhu biyar kasuwa ya saida huɗu ai ya yi ciniki." Huɗun da na ci suna nan a ajiye, kes kaɗai zan sake a zama na gaba, cikin watan Mayu.

Na ɗauko kalandar da ke rataye a falo don in ƙirga makonnin da suka rage mini. A ƙarƙashin kwanakin Mayun 2019, da ƙananan haruffa, an rubuta Ramadan 1440. Na kira maigida na nuna masa da yatsa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "To fa. Awa huɗun nan da azumi a bakinki za ki yi su."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.