Saƙon godiya bayan zamanmu kan dambarwar Brexit

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, taro ya tashi lafiya, kowa ya koma gidansa lafiya. A madadin ɗan kwamitin da ya shirya zaman ranar Asabar kan Brexit, wato ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ina miƙa godiya ga iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na nan garinmu a Birtaniya da waɗanda suka yo tattaki daga garuruwan kusa, cikin ruwa da sanyin Nuwamban 2019. Allah ya bar zumunci.

Tun a watan Agusta muka tsayar da ranar. Lissafinmu a lokacin shi ne Birtaniya za ta fita daga Tarayyar Turai ranar 31 ga Oktoba, tunda Firaministan lokacin, Boris Johnson, ya rantse ya maya cewa ko da yarjejeniya ko babu sai an fita, har daga baya ya ce gara a tsinci gawarsa a kwalbati da ya roƙi ƙarin lokaci. Muka ce to bari mu haɗu bayan an fita, mu ga ina muka dosa. Ranar ta zo ta wuce muna nan ciki, kamar yadda 29 ga Maris ta wuce, 12 ga Afrilu ma ta wuce. Aka sake cewa sai 31 ga Janairun 2020. Wasu a kwamiti suka kawo shawarar mu ɗage zaman. Baffanmu ya ce idan majalisa za mu riƙa bi wajen ɗagewa, to sai jikokinmu ne za su yi taron. Da wannan maganar aka rufe babin ɗagewa.

Godiya ta farko ga kwamitin masallaci da suka ba mu zauren ƙasa ba tare da sun karɓi ko fam ɗaya ba, da kuma ladan da ya zo tun da hantsi ya kunna na'urar ɗumama ɗaki ya jera kujeru. Allah ya saka da mafificin alheri.

Sai Baffa da ya jagoranci zaman. Baffa, mun gode, Allah ya ƙara girma da lafiya. Riƙe Hausawa a kan minti uku-uku ba ƙaramin aiki ba ne, balle a kan maganar da kowa ya zo da ita a wuya. Da hayaniya ta tashi sai ya buga murfin biro a jikin kofin shayi, ya yi shiru har sai an yi shiru. Matasa tun daga nan suka laƙaba masa Bercow, wato kakakin majalisar da ya sauka a ƙarshen Oktoba. Ya ce ya karɓi sarautar, amma ba zai yi irin ihunsa ba.

Malam, wato yayanmu mai koyarwa a jami'a, shi ya buɗe fage, kuma ya yi mana abin da tashoshin talabijin suka kasa yi a shekara uku. Ya ɗauko zancen daga ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yunin 2016, inda kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi fita, 48 suka zaɓi zama. Ya nuna mana cewa takardar ƙuri'ar fita kawai ta tambaya, ba ta tambayi wace irin fita ba, kuma nan ne asalin ciwon. Theresa May, Firaministar da ta gabaci Johnson, ta miƙa takardar fita a Maris ɗin 2017, ta kira zaɓe a watan Yuni don ta ƙara ƙarfi, sai ta rasa rinjayen da take da shi, ta koma dogaro da jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, sau uku majalisa tana watsi da ita: da ratar ƙuri'a 230 a watan Janairu, 149 a tsakiyar Maris, 58 a ranar da ya kamata a ce an fita. Da 'yan majalisa suka ce a ba su dama su zaɓi hanya da kansu, aka jera musu zaɓi takwas, suka ƙi duka takwas ɗin. A nan zaure ya ɗauki dariya, wata Hajiya ta ce ko amaryar da ake lallashi ba ta kai haka ba.

Abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne batun iyakar Ireland, don na daɗe ina jin sa sama-sama. Ireland ta Arewa tana cikin Birtaniya, Jamhuriyar Ireland tana cikin Tarayya, kuma iyakar da ke tsakaninsu ta kai kimanin kilomita 500, da hanyoyi barkatai da mutane ke ratsawa kullum zuwa aiki, gona da asibiti. Bayan shekaru kusan talatin ana zubar da jini aka yi sulhun 1998, daga baya shingayen sojoji suka gushe. Idan Birtaniya ta fita daga tsarin kwastan da kasuwar bai ɗaya, dole a duba kaya a wani wuri. A kan tudu, a tayar da tsohon miki. A cikin teku tsakanin Ireland ta Arewa da sauran Birtaniya, DUP ta ce an raba ta da ƙasarta. Yarjejeniyar da Johnson ya samo ranar 17 ga Oktoba ta karkata ga na biyun, shi ya sa DUP ta juya masa baya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da na Katsina da ke zaure ba su buƙaci dogon sharhi ba, musamman da yake Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019. Malam, Allah ya ƙara basira.

Bayan sallar Azahar aka shiga muhawara, kuma a nan ne nake da godiya ta musamman ga ɗan'uwanmu ma'aikacin jinya da ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi fita ya zaɓa a 2016, kuma ko gobe aka sake ƙuri'ar, fita zai zaɓa. Ya san zauren ba ya tare da shi, amma ya faɗa. Hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce, a ƙa'idar wancan lokacin, mutumin da ya fito daga Romaniya ko Bulgeriya, ƙasashen Tarayya, zai sauka yau ya kama aiki gobe, ya kawo iyalinsa babu mai tambayarsa albashi, alhali wanda ya zo da fasfon Najeriya ko Ghana sai ya biya kuɗin biza, ya biya kuɗin lafiya fam 400 a shekara a kan kowane kai, kuma mazaunin nan da ke son kawo matarsa daga gida sai ya nuna yana samun fam 18,600 a shekara. Ya ce kakanninmu sun yi wa Ingila yaƙi a Bama, yau jikokinsu ne a ƙarshen layi. Fatansa idan an fita a auna kowa da mudu ɗaya.

Wadda ta ba shi amsa Hajiyarmu ce 'yar zangon Kumasi, wadda ta shafe shekaru masu yawa a Italiya ita da maigidanta kafin su samu fasfon can su dawo nan saboda karatun yara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ƙanena, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma waɗannan kuɗaɗen a Landan aka yanka su, ba a Brussels ba, kuma rufe ƙofata ba shi ne zai buɗe taka ba. Sannan ta tuna mana abin da da yawanmu ba mu taɓa tsayawa mun duba ba. A ƙuri'ar 2016, mai fasfon Najeriya, Ghana ko Kamaru da ke zaune a nan bisa ƙa'ida ya samu damar jefa ƙuri'a saboda ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Ita da ke riƙe da fasfon Italiya ba ta samu ba, haka masu fasfon Jamus, Holan, Beljiyam da Faransa. Wato a sahu ɗaya na masallacinmu, wani ya yanke hukunci, na kusa da shi ne hukuncin ya hau kansa, kuma ba a tambaye shi ba.

Ni zama na zaɓa a 2016, ban ɓoye ba, kuma ina ganin Hajiya ta fi ƙarfin hujja. Amma ban yarda da 'yan bayan zaure da suka fara jifan ɗan'uwan nan da kalmar butulci ba. Wanda ya shekara yana tara takardun albashi don ya kawo matarsa yana da haƙƙin jin haushi, ko da ya kai haushin inda ba nan ne gidansa ba. Na gode wa Baffa da ya tsawatar nan take, na kuma gode wa su biyun, don bayan La'asar na gan su a bakin teburin shayi yana tambayarta ko ta gama cike wa yaranta takardu.

Ɗaya gardamar da ta ɗau zafi ita ce ta sake ƙuri'a. Matasanmu, waɗanda wasunsu ba su kai shekara 18 ba a 2016, suna tare da masu cewa a koma wa jama'a, tunda yanzu an san abin da fitar ta ƙunsa, kuma alƙawarin fam miliyan 350 a mako da masu son fita suka rubuta a jikin jar bas ɗinsu ta kamfe ya bi iska. Wani dattijonmu ya ce shi kam ya ga abin da ya biyo bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 a Najeriya, don haka gabansa yana faɗuwa duk lokacin da aka ce mutum miliyan 17.4 sun yi zaɓe amma a jingine. Wata ɗiyarmu ɗaliba ta ce, cikin ladabi, Baba ai soja ne suka soke wancan, wannan kuwa mutanen da suka yi zaɓen za a sake tambaya. Ba su daidaita ba. Ni ma a nan zuciyata biyu take, don ina tsoron a sake a samu 52 da 48 ta ɗaya gefen, a koma gidan jiya. Inda kowa ya haɗu shi ne kan dakatar da majalisa na mako biyar da Johnson ya yi, wanda alƙalai 11 na Kotun Ƙoli suka ce haramtacce ne ranar 24 ga Satumba, babu ko ɗaya da ya saɓa. Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce da a Yamai ko Abuja aka yi haka, da tuni jakadun Turai sun fitar da sanarwar nuna damuwa.

Duk wannan a gaban zaure ke nan. Aikin da ya fi amfani a wajena a lungu aka yi shi, kusa da inda ake ajiye takalma. Ƙanwarmu lauya ta zauna a wurin tun daga farko har aka kira Magariba, ko abinci a tsaye ta ci. Tare da ita akwai samarinmu da suka kawo wayoyinsu, saboda manhajar neman izinin zama na masu fasfon ƙasashen Tarayyar Turai ta daɗe tana aiki a Android kaɗai, sai a Oktoban 2019 aka buɗe wa sababbin iPhone. Na tsaya na kalli wani yaro yana taimakon wani Alhaji: ya cire wa wayar riga, ya kifa ta a kan jan fasfon, yana ɗan zame ta a hankali har ta karanto abin da ke ciki, sannan ya ce Alhaji ya kalli allo kada ya motsa. Alhaji ya gyara hula, ya haɗe rai kamar gaban alƙali. Da aka shigar da lambar inshorarsa ta aiki, bayanan shekarunsa suka fito, sai ya ce shi ke nan? Ina katin? Aka ce babu kati, saƙo ne zai zo ta imel, izinin yana cikin kwamfuta. Bai ji daɗin wannan ba, kuma bayan abin da ya samu mutanen Windrush a 2018, wato tsofaffin baƙi daga yankin Karebiyan, waɗanda suka shekara hamsin a ƙasar nan aka ce su kawo shaida, ba zan ce tsoronsa ba shi da tushe ba.

Ƙanwarmu ta roƙi in maimaita abubuwan nan kan neman izinin zama a rubuce, kamar yadda suke a 2019. Neman kyauta ne, an soke kuɗin fam 65 tun farkon 2019, don haka kada wanda ya karɓi kuɗinku da sunan kuɗin gwamnati. Wanda ya cika shekara biyar a jere yana samun izinin dindindin, wanda bai cika ba a ba shi na wucin gadi, ya sake nema idan ya cika. Kowane yaro sai an cike masa nasa, kuma haihuwa a nan kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa. Iyayenmu mata da ba su yi aikin albashi ba su fara tara wasiƙun makarantar yara, na likita da na harajin gunduma masu ɗauke da sunansu. Wa'adin da aka bayar a lokacin shi ne ƙarshen Disambar 2020 idan an fita babu yarjejeniya, ƙarshen Yunin 2021 idan da ita, amma ta ce kada dambarwar majalisa ta sa kowa ya zauna jira. Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifa. Samari, Allah ya ba ku masu yi muku.

Iyayenmu da yayyenmu mata na kicin, ban san da wane baki zan gode muku ba. Tuwon semo da miyar kuka, waina, shinkafa da wake irin na zango da shito, ga zoɓo da kunun gyaɗa, duk daga aljihunku. 'Yan matan da suka riƙe yara a ɗakin sama, da direbobin tasi da suka bar aikin Asabar suka yi jigilar dattawa kyauta, da waɗanda suka tsaya shara da naɗe tabarmi bayan Isha'i, Allah ya biya ku. Wanda aka ɓata wa rai a cikin zafin muhawara, don Allah ya yafe.

Majalisa ta amince da zaɓe ranar 12 ga Disambar 2019. Kwamiti ba shi da jam'iyya, a cikinmu akwai na Labour, akwai na Conservative, akwai na Lib Dem, akwai waɗanda suka ce duk kanwar ja ce. Roƙonmu kawai, duk mai damar zaɓe ya yi rajista kafin ranar 26 ga Nuwamba ta wuce, ɗalibai ma su bincika ko suna ciki, kuma ranar da zai jefa ƙuri'a ya tuna da maƙwabcinsa na sahu da ba shi da ita. Waɗanda layi bai kai kansu ba a teburin takardu, ƙanwarmu ta yi alƙawarin dawowa Asabar ta sama bayan Azahar, a zo da fasfo da lambar inshora. Akwai kuma manyan kuloli biyu da lema baƙa da aka manta, suna wajen ladan.

Allah ya zaunar da ƙasar nan da ƙasashenmu lafiya, ya sa a fita ko a zauna ya zame mana alheri. Wassalamu alaikum.